Pat Summitt: Matar da ta shekara 38 tana horar da 'yan wasan ƙwallon kwando na Jami'ar Tennessee

Pat Summitt mai horar da 'yan wasan ƙwallon kwando ce 'yar ƙasar Amurka, wadda ta jagoranci ƙungiyar mata ta Jami'ar Tennessee, da ake kira Lady Vols, tun daga 1974 har zuwa 2012. A tsawon waɗannan shekaru 38 ƙungiyar ta yi nasara a wasanni 1,098, an doke ta a 208, kuma ta ɗauki kofin jami'o'in Amurka sau takwas. Lokacin da Summitt ta ajiye aiki, babu wani mai horarwa a babban rukunin jami'o'in ƙasar, namiji ko mace, da ya kai ta yawan nasarori.

Ta karɓi aikin ne tana da shekara 22, a zamanin da mai horar da mata ita ce direbar motar ƙungiya, ita ce kuma mai wankin rigunan 'yan wasa. Ta bar shi tana karɓar albashin da ya haura dala miliyan ɗaya a shekara, a filin da aka raɗa wa sunanta. Saboda haka tarihinta ya zama ma'aunin da ake duba yadda wasan mata ya tashi daga abin da ba a kula da shi zuwa sana'ar da ake ji da ita.

Asali da ƙuruciya

An haife ta ranar 14 ga Yuni, 1952, a garin Clarksville da ke Jihar Tennessee, a kudancin Amurka. Sunanta na yanka Patricia Sue Head. Mahaifinta, Richard Head, manomi ne mai kiwon shanun madara da noman taba, mahaifiyarta kuma Hazel. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya biyar: yayye maza uku, sai ƙanwa ɗaya.

Aikin gona ta tashi da shi, daga tatsar shanu zuwa ɗaurin ciyawa. Idan an tashi daga aiki da yamma, sai ita da yayyenta su hau saman rumbun ciyawa, inda mahaifinsu ya kafa musu kwando, su yi ta wasa bibbiyu. A nan ta koyi fafatawa da waɗanda suka fi ta ƙarfi. Mahaifin mutum ne mai tsanani, marar yawan magana da yabo. Ita da kanta ta bayyana cewa sai da ta kai shekara 43, bayan ta ci kofin 1996, sannan ya taɓa rungumar ta.

Duk da wannan tsanani, shi ne ya share mata hanya. Da ta isa shiga sakandare, makarantar da ke yankinsu ba ta da ƙungiyar 'yan mata, sai ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyen Henrietta, domin ta samu shiga makarantar gundumar Cheatham, inda ake barin 'yan mata su yi wasa.

Daga nan ta wuce reshen Jami'ar Tennessee da ke garin Martin a 1970. Yayyenta maza sun samu tallafin karatu saboda wasanni, amma a lokacin ba a ba mata irin wannan tallafi, don haka iyayenta ne suka biya mata kuɗin makaranta. Tana tsakiyar karatu, a watan Yunin 1972, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da aka fi sani da Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Wannan doka ce daga baya ta tilasta wa jami'o'i ware kuɗi da guraben tallafi ga wasannin mata, ko da yake an ɗauki shekaru kafin a gani a ƙasa.

Farkon aiki

A 1974 babbar harabar jami'ar da ke birnin Knoxville ta ɗauke ta a matsayin mataimakiya, za ta riƙa aiki tana karatun digiri na biyu. Kafin a fara kakar wasa, mai horarwar da ke kan kujerar ta sauka ba zato, sai aka miƙa wa Pat Head ragamar ƙungiyar baki ɗaya. Wasu daga cikin 'yan wasan shekara ɗaya kawai ta ba su.

Albashinta dala 250 ne a wata. Rigunan da 'yan wasan ke sawa da kuɗin cinikin fanke aka saye su, kuma ita ke wanke su bayan kowane wasa. Ita ke tuƙa motar da ke kai su wasa a wasu garuruwa. Wasanta na farko, a watan Disambar 1974, Jami'ar Mercer ta doke su da maki 84 da 83. Nasarar farko ta zo ranar 10 ga Janairu, 1975, a kan Jami'ar Middle Tennessee, da maki 69 da 32, a gaban 'yan kallo 53. An kammala kakar da nasara 16 da rashin nasara takwas. Daga wannan shekara har ta yi ritaya, babu kakar da wasannin da aka doke ta suka fi waɗanda ta ci yawa.

Akwai wani cikas da ya shafi jiharta musamman. A makarantun sakandaren Tennessee, 'yan mata shida-shida suke wasa, uku masu kai hari a rabin fili, uku masu tsaron gida a ɗaya rabin, kuma ba mai tsallake layin tsakiya. Hujjar masu dokar ita ce wai jikin mace ba zai jure zirga-zirga a cikakken fili ba. Sakamakon haka, yarinyar da ta yi shekara huɗu tana tsaron gida sai ta gama sakandare ba ta taɓa jefa ƙwallo a kwando a wasa ba, alhali a jami'a biyar-biyar ake yi a fili duka. A 1976 Summitt ta ba da shaida a kotu a ƙarar da wata ɗaliba ta shigar kan wannan tsari. A 1979 jihar ta yi watsi da shi.

Gasar Olamfik

Shekarunta na farko a aiki ta haɗa horarwa da buga wasa. A shekararta ta ƙarshe a Martin jijiyar gwiwarta ta tsinke, raunin da a wancan zamani kan kawo ƙarshen wasan mutum. Ta yi jinya, ta dage da motsa jiki har ta dawo, ta kuma samu shiga tawagar Amurka a gasar Olamfik ta 1976 a birnin Montreal na Kanada, karon farko da aka sa ƙwallon kwando na mata a gasar. Tana da shekara 24, ita ce babba a tawagar, kuma ɗaya daga cikin kyaftin biyu. Sun samu lambar azurfa, Tarayyar Sobiyet ta ɗauki zinare.

Bayan shekara takwas ta koma gasar a matsayin mai horar da tawagar Amurka a birnin Los Angeles. Da 'yan wasa irin su Cheryl Miller da Lynette Woodard da Anne Donovan, suka doke Koriya ta Kudu da maki 85 da 55 a wasan ƙarshe. Tarayyar Sobiyet ta ƙaurace wa gasar ta 1984, abin da ya rage zafin fafatawar, amma dai wannan ce lambar zinare ta farko da matan Amurka suka samu a wasan.

Yadda gasar jami'o'i take

A Amurka jami'o'i ne matattarar 'yan wasa kafin su zama ƙwararru. Ɗaliba na da damar buga kaka huɗu, sannan ta tafi, don haka mai horarwa kullum cikin sake gini take: tana zawarcin 'yan sakandare, tana koyar da sababbi, tana sallamar waɗanda suka goge. Kaka na farawa a watan Nuwamba. A watan Maris ake shiga gasar ƙasa ta sili-ɗaya-ƙwale, inda duk wadda aka doke ta koma gida.

Har zuwa farkon shekarun 1980 wata hukuma ta daban mai suna AIAW ce ke kula da wasannin mata. A 1982 hukumar NCAA, wadda ke shirya gasar maza, ta fara shirya ta mata da ƙungiyoyi 32, aka faɗaɗa ta zuwa 64 a 1994. Tennessee ta shiga kowace gasa daga 1982 zuwa 2012, sau 31 a jere, kuma sau 18 tana kaiwa zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe.

Kofuna takwas

Kofin farko bai zo da sauƙi ba. Sau bakwai ƙungiyar na kaiwa zagayen huɗun ƙarshe a ƙarƙashin hukumomin biyu tana dawowa hannu rabbana, ciki har da wasannin ƙarshe na 1980 da 1981 da 1984. Sai a 1987, a kakarta ta 13, aka karya wannan ƙofi. Ga jerin kofunan da abokan karawar wasan ƙarshe:

1987: Louisiana Tech, 67 da 44
1989: Auburn, 76 da 60
1991: Virginia, 70 da 67, bayan ƙarin lokaci
1996: Georgia, 83 da 65
1997: Old Dominion, 68 da 59
1998: Louisiana Tech, 93 da 75
2007: Rutgers, 59 da 46
2008: Stanford, 64 da 48

Kofuna ukun da ta ci a jere daga 1996 zuwa 1998 su ne ƙololuwar aikinta, kuma babu ƙungiyar mata da ta taɓa yin haka a gasar NCAA kafin ita. A 1997 an doke su sau goma a cikin kaka, har mutane suka fitar da rai, amma suka farfaɗo a watan Maris. A 1998 kuwa wasa 39 suka buga, suka ci 39, da taurari uku: Chamique Holdsclaw da Tamika Catchings da Semeka Randall.

Kofuna biyu na ƙarshe sun zo ne a zamanin Candace Parker. Cikin waɗanda suka riƙe tsakiyar fili a wannan tawaga akwai Nicky Anosike, haifaffiyar New York wadda iyayenta 'yan Najeriya ne. A 2008 hukumar NCAA ta zaɓe ta gwarzuwar shekara, lambar da ake bayarwa bisa haɗa ƙwazon karatu da wasa da hidimar jama'a.

Ban da waɗannan, ƙungiyar ta zo ta ɗaya a rukunin jami'o'in kudu maso gabas sau 16, ta kuma ci kofin rukunin sau 16. Ranar 22 ga Maris, 2005, Summitt ta samu nasara ta 880, ta wuce Dean Smith na Jami'ar North Carolina, wanda ke riƙe da kambun a ɓangaren maza, kuma a daren aka sanar da raɗa wa dandalin wasan jami'ar sunanta. Nasara ta 1,000 ta zo ranar 5 ga Fabrairu, 2009, a kan Georgia.

Salon horarwa

Abu biyu ta fi ba ƙarfi a fili: tsaron gida da cafke ƙwallon da ya dawo daga kwando. A ganinta, jefa ƙwallo na iya ƙi wa ɗan wasa wata rana, amma waɗannan biyun himma kawai suke buƙata. Tana cikin na farko-farkon da suka riƙa ɗauko ɗalibai maza su kara da 'yan wasanta a wurin atisaye, kamar yadda ita ma ta koya a hannun yayyenta. Ba ta neman abokan karawa masu sauƙi domin tara nasarori. Kusan rabin wasanninta da ƙungiyoyin da ke sahun gaba a ƙasar ta buga su.

An san ta da wata harara da takan kafe 'yar wasa da ita idan ta yi sakaci, wadda ta zama tambarinta a hotuna. Tsananinta ya kai ga wasu ɗalibai sun bar ƙungiyar, kuma ita ma ta amince cewa a shekarunta na farko ta fi yin tsawa fiye da sauraro, sai daga baya ta sassauta. Ko a 2009, da Jami'ar Ball State ta fitar da su tun a zagayen farko, abin da bai taɓa faruwa da ita ba, suna komawa Knoxville ta mayar da su atisaye, alhali kaka ta ƙare.

A ɓangaren karatu ba ta da sassauci ko kaɗan. Dole 'yar wasa ta zauna a layuka uku na gaba a aji, kuma wadda ta yi fashin darasi ba za ta buga wasa na gaba ba, komai tauraruwarta. Duk 'yar wasan da ta kammala shekarunta na wasa a hannunta ta fita da digiri. Ta tattara ƙa'idojinta guda 12, waɗanda suka shafi mutunta kai da ɗaukar nauyi da ladabi da aiki tuƙuru, a littafin Reach for the Summit da ta rubuta tare da 'yar jarida Sally Jenkins a 1998.

Hamayya da Connecticut

A watan Janairun 1995 Tennessee ta fara karawa da Jami'ar Connecticut, wadda Geno Auriemma ke horarwa, a wasan da aka nuna kai tsaye a talabijin. Connecticut ta ci, ta kuma sake doke Tennessee a wasan ƙarshe na wannan shekara. Haka aka yi a wasannin ƙarshe na 2000 da 2003 da 2004: sau huɗu suna haɗuwa a kan kofi, sau huɗu Connecticut na ɗauka. Cikin wasanni 22 da suka buga a zamaninta, Connecticut ta ci 13, Tennessee ta ci tara.

Wannan hamayya ta jawo wa wasan mata 'yan kallo masu yawa. A 2007 Summitt ta dakatar da karawar shekara-shekara bayan saɓani kan yadda ake zawarcin 'yan wasa, matakin da ya jawo mata suka daga masu ganin wasan ne ya yi asara. Ƙungiyoyin ba su sake haɗuwa ba sai 2020, bayan rasuwarta.

Iyali

A 1980 ta auri R.B. Summitt, ma'aikacin banki, inda ta samu sunan da duniya ta san ta da shi. Sun rabu a 2008. Ɗansu ɗaya, Tyler, wanda labarin haihuwarsa ya shahara. A watan Satumbar 1990 naƙuda ta kama ta a Jihar Pennsylvania, inda ta je zawarcin wata 'yar sakandare mai suna Michelle Marciniak. Ta hau jirgi zuwa gida, da aka ba da shawarar a sauka a Jihar Virginia sai ta ƙi, domin a farkon shekarar Jami'ar Virginia ce ta fitar da ƙungiyarta daga gasa. A Tennessee ta haihu. Marciniak kuwa daga baya ta zo Tennessee, kuma ita aka zaɓa gwarzuwar zagayen ƙarshe a 1996.

Rashin lafiya da ritaya

A kakar 2010 zuwa 2011 ta fara lura da mantuwar da ba ta saba da ita ba: makara zuwa atisaye, ɓatan makullai, da rasa abin da za ta faɗa wa 'yan wasa ana tsakiyar wasa. Da farko an ɗauka illar magungunan ciwon gaɓoɓin da take sha ce. A watan Mayun 2011 likitocin asibitin Mayo da ke Jihar Minnesota suka tabbatar cewa cutar Alzheimer ce, mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, irin wadda ke kama mutum kafin tsufa. Ranar 23 ga Agusta, tana da shekara 59, ta sanar da duniya da bakinta.

Ta ci gaba da aiki kaka ɗaya, mataimakanta na ɗauke da yawancin nauyin. Ƙungiyar ta ci wasa 27, an doke ta a tara, ta ɗauki kofin rukuninta, sannan Jami'ar Baylor ta fitar da ita a zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Ranar 18 ga Afrilu, 2012, aka sanar da saukarta, aka ba ta muƙamin girmamawa. Daga baya, a wata takardar rantsuwa da aka gabatar a kotu, ta ce da farko ta ji kamar tilasta mata aka yi, amma ta fitar da sanarwa cewa ita ce ta yanke shawarar. Holly Warlick, tsohuwar 'yar wasanta da ta yi shekara 27 tana mataimakiyarta, ita ta gaje ta.

A watan Mayun 2012 Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar 'yanci ta shugaban ƙasa, lamba mafi girma da ake ba farar hula a Amurka. Sauran shekarunta ta ƙarar da su wajen tara kuɗin bincike kan cutar, ta hannun gidauniyar da ta kafa tare da ɗanta a 2011. Ta rasu ranar 28 ga Yuni, 2016, a Knoxville, tana da shekara 64. A farkon 2017 aka buɗe cibiyar kula da masu wannan cuta mai ɗauke da sunanta a asibitin jami'ar.

Abin da ta bari

An riga an wuce alƙaluman da ta kafa. Auriemma ya zarce ta yawan kofuna a 2014. Tara VanDerveer ta Jami'ar Stanford ta wuce nasarori 1,098 a watan Disambar 2020, ta yi ritaya a 2024 da 1,216, kafin Auriemma ya wuce ita ma a watan Nuwamban shekarar.

Abin da ya fi daɗewa shi ne mutanen da ta yaye da kuma darajar da ta sama wa aikin. A 2006 ta zama mai horar da mata ta farko da albashinta ya kai dala miliyan ɗaya a shekara, abin da ya buɗe ƙofa ga na bayanta. An nemi ta koma horar da ƙungiyar maza ta jami'ar, ta ƙi, domin ba ta ɗauki hakan a matsayin ƙarin girma ba. Da dama daga cikin ɗalibanta sun zama masu horarwa, kamar Kara Lawson a Jami'ar Duke, da Kellie Harper wadda ta riƙe Tennessee daga 2019 zuwa 2024. Wasu, irin su Catchings da Parker, sun zama ginshiƙan gasar ƙwararru ta mata, WNBA, da aka fara a 1997.

A watan Afrilun 2024, shekara 49 bayan daren da mutum 53 suka kalli nasararta ta farko, kimanin mutum miliyan 18.9 ne suka kalli wasan ƙarshe na mata tsakanin South Carolina da Iowa a talabijin. Wannan ne karon farko da masu kallon wasan ƙarshe na mata suka fi na maza yawa.